Hayaƙin wa ne? Abin da mai rubuta manhaja zai sani kafin ya auna gonakin Ɗambatta

Idan kana cikin matasan da suka koyi rubuta manhaja, ko a jami'a, ko a shirin 3MTT, ko da kanka a YouTube da datar dare, wataƙila ka fara cin karo da wani sabon nau'in aiki a LinkedIn da X. Kamfanoni da ƙungiyoyi suna neman wanda zai gina musu manhajar da za ta lissafa yawan iskar da ke ɗumama duniya wadda harkarsu take fitarwa. Ke ma 'yar'uwa da kike wannan fanni, maganar da ke ake yi.

Aikin a ido kamar mai sauƙi ne: a shigar da lamba, a ninka, a fitar da jadawali mai launi. To amma akwai tambaya ɗaya da take kayar da mutane tun kafin su rubuta layin farko: wannan hayaƙin na wa ne? Wanda ya fita daga injinka da hannunka daban, wanda ya fita a wani wuri saboda kai daban. Na farko shi ake kira na kai tsaye, na biyu kuma na a kaikaice. Idan manhajarka ta cakuɗa su, lissafin ya lalace, kuma wanda zai kwana a ciki sau da yawa manomi ne da bai taɓa ganin fuskarka ba.

Bari mu ɗauki gonakin arewacin Kano mu gwada abin a kansu, wato yankin Ɗambatta, Makoɗa, Kunchi, Bichi, Minjibir da Dawakin Tofa.

Me ya kawo maganar yanzu?

A taron COP26 da aka yi a Gilasgo a 2021, Najeriya ta yi alkawarin daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take shanyewa nan da 2060. A watan Nuwamban wannan shekarar kuma aka sa hannu kan dokar sauyin yanayi ta ƙasa. Sannan a watan Yunin 2023 hukumar ISSB ta fitar da ƙa'idojin IFRS S1 da S2, waɗanda suke neman kamfani ya bayyana hayaƙinsa kamar yadda yake bayyana riba da asara. Hukumar FRC mai kula da rahoton kuɗi a Najeriya ta fitar da jadawalin aiki da su a 2024: manyan kamfanoni za a wajabta musu daga 2028, ƙanana da matsakaita daga 2030.

Ka ce ina ruwan manomin Makoɗa da wannan? Ruwansa kuwa har wuya. Babban kamfanin da ke sayen dawa ko gyaɗa ko riɗi dole ya faɗi hayaƙin da ke bayan kayan da ya saya. Ba shi da wannan bayanin a ofishinsa na Legas. Sai ya tambayi dillalinsa na kasuwar Dawanau, dillali ya juya ga masu tara kaya a ƙauye, su kuma su juya ga manomi. Wani ne zai gina abin da zai ɗauko amsar daga bakin gona ya kai ta har rahoton kamfani. Idan ba kai ba ne, to wani ne a wata ƙasa wanda bai san bambancin gero da maiwa ba.

Rukunai uku da kowa ke bi

Tsarin da duniya ta fi amfani da shi sunansa GHG Protocol. Cibiyar WRI da majalisar 'yan kasuwa ta WBCSD ne suka fitar da shi a 2001, suka sabunta a 2004. Ya raba hayaƙi gida uku. A takardun Turanci za ka ga an rubuta Scope 1, Scope 2 da Scope 3. A nan za mu ce rukuni na 1, na 2 da na 3.

A ce akwai wani ƙaramin kamfanin matse man gyaɗa a Bichi. Rukuni na 1 shi ne abin da ya fita daga kayan da kamfanin ya mallaka ko yake juyawa: janaretansa na dizal, motarsa ta ɗaukar kaya, tukunyar da yake hura wa wuta. Wannan shi ne na kai tsaye.

Rukuni na 2 shi ne na wutar lantarkin da ya saya. Wutar KEDCO ba ta hayaƙi a cikin masana'antarsa, amma mafi yawan wutar Najeriya daga tashoshin iskar gas take fitowa, saura daga madatsun ruwa irin su Kainji, Jebba da Shiroro. An ƙona gas a can domin injinsa ya juya a nan.

Rukuni na 3 shi ne duk sauran abin da ya faru a wajen katangarsa saboda harkarsa: noman gyaɗar da ya saya, motar hayar da ta kawo ta, jarkokin robar da yake zuba mai, tafiyar ma'aikata zuwa aiki, har da abin da ya faru da jarkar bayan mai saye ya jefar. A 2011 aka fitar da ƙa'ida ta musamman da ta raba wannan rukuni kashi 15. Ga kamfanonin abinci, nan ne mafi yawan hayaƙin yake taruwa, kuma nan ne ya fi wuyar aunawa.

Abin da za ka riƙe shi ne, rukuni ba ya manne da hayaƙin kansa, yana bin wanda ke ba da rahoto. Hayaƙin injin ban-ruwan manomi rukuni na 1 ne a wajen manomin, rukuni na 3 ne a wajen kamfanin da ya sayi amfaninsa. Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A wannan lissafin ana so ka ƙirga wanda ka taka da wanda ka hango, amma kowanne a shafinsa.

Don haka a rumbun bayananka kada ka rubuta rukuni a jikin aikin kamar tambarin da ba ya gogewa. Ajiye aikin daban: lita nawa, a ina, yaushe, injin wa. Rukunin kuma a fitar da shi daga alaƙar da ke tsakanin mai rahoto da mai injin.

Ƙasar da za ka auna

Yankin da ke kewaye da birnin Kano ya daɗe da shahara a wajen masana. A 1965 Michael Mortimore da abokin aikinsa Wilson suka wallafa bincike kan ƙasa da jama'ar wannan yanki mai cunkoso. Mortimore ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero, ya kuma shafe shekaru yana bibiyar yadda mutane masu yawa haka suke ci daga ƙananan gonaki ba tare da ƙasar ta mutu ba.

Amsar tana gaban idon duk wanda ya tashi a can. Gona ba ta hutawa, kowace damina sai an noma ta. Ana haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a fili ɗaya. Da damina awaki da tumaki suna ɗaure a turke ana yanko musu ciyawa, da rani su ci harawa da dusa. Kashinsu da tokar murhu da sharar gida su taru a zama taki, a loda wa jaki a mangala ko a amalanke a kai gona. A da jakuna sukan shiga birni da itace su fito da taki. Gawo da kuka da ɗorawa da tsamiya suna tsaye a tsakiyar gonaki, kowace bishiya da mai ita.

Wannan tsarin yana da muhimmanci a wajenka domin yawancin manhajojin lissafin hayaƙi an gina su ne da tunanin gona mai amfani iri ɗaya, mai tarakta, mai rasit na kowane abu. Idan ka ɗauko irin wannan ka dasa a Kunchi, za ta tambayi manomi hekta nawa ya shuka wake, alhali waken yana tsakanin layukan gero ne.

Buhu biyu da awaki biyar

Mu yi lissafi na gwaji. A ce wani magidanci a Ɗambatta ya zuba buhu biyu na takin yuriya, yana da awaki biyar a gida, da rani kuma ya ƙona lita 100 ta fetur a injin ban-ruwa a gefen madatsar Thomas.

Fetur shi ne mai sauƙi. Kowace lita tana fitar da kusan kilo 2.3 na kabon dayoksaid. Lita 100 ta ba ka kilo 230. Da dizal ne, kusan kilo 2.7 za ka ninka da shi.

Taki ya fi rikitarwa. Buhun yuriya kilo 50 ne, kashi 46 cikin ɗari naitirojin ne, wato kilo 23. Buhu biyu kilo 46 ke nan. Idan ya shiga ƙasa, ƙwayoyin halittar da ke cikinta suna mayar da wani ɗan kaso zuwa iskar naitiros oksaid. Ƙa'idar kwamitin IPCC ta 2006 ta ce a ɗauki kashi 1 cikin ɗari. Wannan ya ba da kilo 0.46 na naitirojin, a ninka da 44 a raba da 28, a sami kusan kilo 0.72 na iskar. Ka ga kamar ba komai. Amma a rahoton IPCC na shida, kilo ɗaya na wannan iska yana ɗumama duniya kamar kilo 273 na kabon dayoksaid a tsawon shekara 100. Sai lissafin ya koma kusan kilo 197. Ƙari a kan haka, yuriya da kanta tana ɗauke da kabon da take saki a gona, kusan kilo 0.73 a kowane kilo, wato kilo 73 a buhu biyun.

Sai awaki. Dabbar da ke tuƙa tana fitar da iskar metan, galibi ta hanyar gyatsa. Ƙa'idar 2006 ta ba akuya a ƙasashe masu tasowa kilo 5 a shekara. Awaki biyar kilo 25, a ninka da 27, a sami kilo 675. Ka gani? Awakin da ke ɗaure a bayan ɗaki sun fi injin da takin a haɗe.

Duk waɗannan rukuni na 1 ne a wajen wannan magidanci. Amma buhun yuriyar yana da tarihi kafin ya iso kasuwar Ɗambatta. An yi shi da iskar gas a masana'anta, irin ta Dangote da ke Lekki wadda aka buɗe a Maris 2022, ko ta Indorama da ke Eleme a jihar Ribas, sannan tirela ta ɗauko shi daga kudu. Hayaƙin masana'antar da na tirelar rukuni na 3 ne a wajensa. Buhu ɗaya, shafi biyu. Manhajar da ta jefa su a akwati ɗaya mai suna "taki" ba za ta iya gaya wa kowa inda gyara yake ba.

Yanzu ga inda sanin gida yake biya. A 2019 IPCC ta gyara ƙa'idar, ta raba wurare masu damshi da busassu. A yankin zafi, inda ruwan shekara bai kai milimita 1,000 ba ana ɗaukarsa busasshe, kuma lambar ninkinsa kashi 0.5 ce cikin ɗari. Arewacin Kano yawanci a nan yake faɗawa. Kilo 197 ɗin nan sai ya koma kusan 99. Layi ɗaya a manhajarka ya ninka wa manomi hayaƙin takinsa sau biyu ko ya rage shi da rabi. Shi ya sa kowace lambar ninki a rumbunka dole ta zo da asalinta, da shekararta, da yankin da ta dace da shi. Kada ka binne ta a cikin kod inda ba mai ganinta.

Kalma ɗaya, ma'ana biyu

Akwai wani tarko da ke kama har waɗanda suka daɗe a aikin. A littattafan IPCC ma akwai abin da ake kira naitiros oksaid na a kaikaice, amma ba abin da GHG Protocol ke nufi ba ne. A can ana nufin naitirojin da ya bar gonar, ko ya tashi sama a matsayin amoniya ya sauka wani wuri, ko ruwa ya wanke shi zuwa rafi ko ƙarƙashin ƙasa, sannan ya zama iskar a can. Maganar hanya ce ta kimiyya. A GHG Protocol kuwa maganar mallaka ce: wa ke da injin, wa ke juya gonar.

Idan ka ga kalmar a jadawalin IPCC ka tura lambar kai tsaye zuwa rukuni na 3 don kawai sunan ya yi kama, ka yi aikin da mai bincike zai dawo maka da shi. Ba su sunaye daban a rumbunka tun daga farko: ɗaya hanyar fita, ɗaya mai alhaki. Kuma ka lura, wankewar ruwa ba ta da yawa a gonar tudu ta busasshen wuri, amma a fadamar da ake ban-ruwa da kwararo dole a lissafa ta. Manomi ɗaya zai iya mallakar duka biyun.

An ɗauke wuta

Manhajar da aka gina a Jamus tana ɗauka cewa wuta tana nan kullum. Kai ka san ba haka ba ne. Kamfanin man gyaɗar nan na Bichi da safe yana kan KEDCO, hayaƙinsa na rukuni na 2. Da azahar an ɗauke, an tayar da janareta, hayaƙin ya koma rukuni na 1. Inji ɗaya, gyaɗa ɗaya, yini ɗaya, rukuni biyu.

Idan kuma maƙwabcinsa ne ke da babban janareta yana sayar masa da wuta, to hayaƙin rukuni na 1 ne a wajen maƙwabcin, na 2 a wajensa, kuma da lambar dizal za a ninka, ba da lambar wutar ƙasa ba. Haka motar kaya: idan tasa ce, rukuni na 1, idan ya ɗauko haya daga tasha, rukuni na 3.

Wannan yana buɗe ƙofar wayo. Kamfani zai iya sayar da motocinsa ya koma haya, washegari ya sanar cewa ya rage hayaƙinsa na kai tsaye. A iska babu abin da ya ragu, shafi kawai aka sauya. Manhaja mai gaskiya tana nuna rukunai ukun gefe da gefe, shekara bayan shekara, yadda duk mai dubawa zai ga abin da ya fita daga nan ya shiga can.

Itace da gawayi su ma suna da hukuncinsu. Kabon dayoksaid ɗin da ya fito daga ƙona itace ko kara, GHG Protocol ya ce a rubuta shi daban a wajen rukunai ukun, amma metan da naitiros oksaid na wannan wutar suna shiga rukuni na 1. Rubuta shi daban ba yana nufin sifili ba ne. Mai ƙuli-ƙuli da mai gashin tsire duk wannan layin ya shafe su.

Gonar wa, akuyar wa?

Kafin kamfani ya fara lissafi sai ya zaɓi iyakarsa: ko ta hannun jari, ko ta ikon kuɗi, ko ta ikon gudanarwa. A takarda abin a fili yake. A ƙauye kuwa sai ka zauna ka yi tunani.

Gonar da mutum ke nomawa tana iya zama ta gado, ko aro, ko haya, ko jingina. A gida ɗaya akwai gandu na kowa da kowa, akwai gayauna ta ɗa ko ta ƙane. Awakin da ka ƙirga wa magidanci ɗazu, akasari na matan gidan ne, wata ma kiwo aka ba ta daga wani gida. Bayan girbi makiyayi zai iya sauka da shanunsa a gonar su ci kara su bar kashi. Metan ɗin shanun na makiyayi ne, to iskar da kashin zai fitar daga ƙasar manomi fa? Sannan akuyar nan da ta ci harawar wake ta ba da takin gero: kaso nawa na hayaƙinta za a ɗora wa buhun waken da aka kai Dawanau, nawa za a bar wa nama da nono?

Kowace amsa da ka zaɓa a nan hukunci ce, kuma tana sauya lambar ƙarshe. Rubuta ta a fili inda mai amfani da manhajar zai gani, ka bi ta iri ɗaya ga kowa, ka bar hanyar sauya ta ba tare da an rushe komai ba. Ka tuna kuma, hayaƙi ɗaya ya bayyana a rukuni na 3 na kamfanoni da yawa ba kuskure ba ne, haka aka tsara. Kuskuren shi ne mutum biyu su ɗauke shi a rukuni na 1, ko kowa ya bar wa ɗan'uwansa har ya ɓace.

Mudu, dami da mangala

Manomi ba zai ce maka ya zuba kilo 340 na takin gargajiya ba. Zai ce mangala goma sha biyu. Gero da dami yake ƙirga shi, wake da kwano ko tiya, takin zamani wani lokaci da mudu yake saye ba da buhu ba. Fetur kuwa a galan ko a kwalba yake karɓa a hannun 'yan bumburutu, babu rasit. Ko kalmar kadada, wani eka yake nufi da ita, wani hekta, kuma hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi.

Bar mutum ya amsa da ma'aunin da ya sani, manhaja ta yi juyin. Amma juyin sai ka je da sikeli ka auna, domin kwanon wannan kasuwa ba lallai ya yi daidai da na waccan ba, kuma mangalar busasshen taki ba nauyinta ɗaya da ta ɗanye ba. Ajiye amsar asali tare da wadda aka juya, domin ranar da ka gyara ma'auni ka iya sake lissafin baya.

Kada ka tambayi kuɗin da aka kashe a mai ka juya shi zuwa lita da farashi ɗaya. Tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023 farashin ya yi ta tsalle, naira dubu goma ta bara ba litar bana take saye ba. Tambayi lita ko galan, ko ka ajiye farashin kowane wata.

Sannan a sa wa kowace lamba alama: an auna ta ne, an faɗa da baki ne, ko ƙiyasi ne. Manhajar ta yi aiki ba tare da intanet ba, ta tura bayanai idan an samu sabis. Kayan aiki irin su ODK da KoboToolbox sun daɗe suna yin haka, duba yadda suka tsara. Tambayoyin su kasance da Hausa, da murya idan zai yiwu, kuma a samu mata cikin masu tattara bayanai, in ba haka ba lissafin awakin nan daga zaure za a ƙiyasta shi.

Manhajarka ma tana da nata

Kai da kake auna na wasu, naka fa? Janaretan da ke kunna kwamfutarka rukuni na 1 ne a wajenka. Wutar ofis rukuni na 2. Sabar da ka yi haya a AWS ko Google Cloud, da kwamfutar da ka saya, da babur ɗin hayar da ya kai mai tattara bayanai Tsanyawa, duk rukuni na 3. Hukumar makamashi ta duniya IEA ta ƙiyasta cewa cibiyoyin adana bayanai sun sha kusan kashi 1.5 cikin ɗari na wutar duniya a 2024. Turakun sabis da yawa a karkararmu kuma da dizal suke aiki.

Akwai ma'auni na musamman na hayaƙin manhaja mai suna SCI, wanda gidauniyar Green Software ta tsara, ya zama ƙa'idar ISO a 2024. Abin daɗi a nan shi ne, manhaja mara nauyi wadda ba ta cin data ba ta cinye batir ita ce mai ƙarancin hayaƙi, ita ce kuma wadda za ta yi aiki a ƙaramar wayar da ake kai wa mai caji a kasuwa. Ba kowane ninki ne yake buƙatar a kira babbar ƙirƙirarriyar basira ba.

Wa zai ci, wa zai biya?

Afirka gaba ɗayanta ba ta kai kashi 4 cikin ɗari na kabon dayoksaid ɗin da duniya ke fitarwa daga mai da gas da kwal ba. Manomin Makoɗa ba shi ya ɓata yanayi ba, shi ne dai ke ganin damina tana yi masa wasa. Don haka lambar da za ka fitar a kansa tana da nauyi ta fuska biyu.

Idan ka kumbura ta, mai saye zai iya ganin kayansa a matsayin masu datti ya koma wani wuri. Idan kuma ka kumbura ragin da wani shiri ya ce ya samar, ka taimaka wajen sayar da iska. Kasuwar kiredit ɗin kabon ta sha wannan kunyar. A Janairun 2024 masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka wallafa cewa shirye-shiryen murhu mai tsimin itace da suka duba sun yi iƙirarin ragi kusan ninki tara na abin da ya tabbata. Da irin wannan labari ya fita, masu saye sukan ja baya, shirye-shiryen gaskiya ma su rasa kasuwa.

Akwai kuma abin da lissafin hayaƙi kaɗai ba ya nunawa: gawon da kakan manomi ya bari a gona, da takin da yake mayar wa ƙasa kowace shekara. Kabon da bishiya da ƙasa suka riƙe shafinsa daban ne, ba a cire shi a ɓoye daga hayaƙi don lamba ta yi kyau. Amma a ba shi gurbi a manhajar, domin idan wata rana za a biya wani a kan bishiyar nan, a san mai ita. Kuma kafin ka ɗauki taswirar gonar mutum da sunansa, gaya masa da Hausa wa zai gani, me za a yi da shi, me shi zai samu. Dokar kare bayanai ta 2023 ta shafe ka, ko da kamfaninka kai kaɗai ne da kwamfutarka.

Daga ina za ka fara?

Takardun GHG Protocol da na IPCC kyauta ne a intanet. Sauke ƙa'idar kamfanoni da jagorar aikin gona ta 2014, ka karanta babin iyaka kafin komai. Buɗe Cool Farm Tool ko EX-ACT na hukumar FAO, ka shigar da gonar gidanku, ka lura da duk inda tambayar ta ƙi dacewa da yadda ake noma a wajenku. Waɗannan wuraren su ne kasuwarka.

Masana suna kusa da kai. Akwai cibiyar nazarin noman busassun yankuna a Jami'ar Bayero, akwai tashar IITA a Kano da gonar gwajinta a Minjibir, akwai Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Ɗambatta, ga malaman gona na KNARDA. Su sun san ƙasa, kai ka san kod.

Sai ka zaɓi abu ɗaya ƙarami: mai injin niƙa ɗaya, ko manoma goma a ƙauyenku. Yi jadawali mai shafi huɗu kafin ka buɗe kwamfuta: me aka yi, nawa, kayan wa, wa ke ba da rahoto. Bi su damina ɗaya da rani ɗaya. Zuwa 2028 kamfanoni za su zo neman wanda ya taɓa yin wannan a gonar gaske, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.